BABI NA UKU: TARIHIN ZIYARAR MAƁUƁƁUGAN PAMUKKALE DA KUFAN BIRNIN HIRAFOLIS

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi tarihin wani wuri guda da ke kudu maso yammacin ƙasar Turkiyya, inda maɓuɓɓugan ruwan ɗumi suka gina farin dutse hawa-hawa, kuma a bisa dutsen akwai kufan wani tsohon birni. Dutsen shi ake kira Pamukkale, birnin kuwa Hirafolis. Akasarin littattafan jagoran matafiya sukan kawo su tamkar abubuwa biyu ne da aka yi katari suka haɗu a waje ɗaya, wato mutum ya kalli ikon Allah da safe, da yamma kuma ya kalli aikin ɗan Adam. Wannan nazari bai gamsu da wannan rabe-raben ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ruwan ne ya jawo mutane tun farko, shi ya ba birnin abin bauta da sana'a da suna, kuma yadda baƙi suka riƙa mu'amala da ruwan a kowane zamani shi ne zaren da ya ɗinke tarihin wurin na fiye da shekara 2,000.

3.1 Wurin da Yanayin Ruwansa

Pamukkale tana cikin lardin Denizli, kimanin kilomita 20 arewa da birnin Denizli, a gefen kwarin kogin da mutanen da suke kira Likos, wanda ke zuba cikin babban kogin Menderes. Sunan na Turkanci ne, ma'anarsa ganuwar auduga, domin wanda ya hango dutsen daga nesa sai ya zaci auduga ce aka jibge. Tsawon farin dutsen ya kai kimanin mita 2,700, faɗinsa mita 600, tsayinsa kuma wajen mita 160.

Yadda dutsen ya samu ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ƙasar wannan yanki tana da tsaga mai zurfi. Ruwan sama yakan nutse ta cikinta, ya ɗau zafi a can ƙasa, ya narkar da dutsen farar ƙasa tare da taimakon iskar kabon da ke cikinsa, sa'an nan ya ɓullo sama da ɗumin da ya kai digiri 35 a ma'aunin Salshiyos. Da zarar ya fito sarari sai iskar kabon ta fice daga cikinsa, farar ƙasar da ya ɗauko kuma ta kwanta. Da farko takan kwanta da laushi kamar kunu, daga baya ta sandare ta zama dutsen da masana ke kira tirabatin. Da yake ruwan gangarowa yake yi, sai ya riƙa gina wa kansa baki a duk inda ya ɗan tsaya, har aka sami kwatarniya bisa kwatarniya tun daga sama har ƙasa.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Na farko, farin dutsen ba gamammen abu ba ne, kullum cikin ginuwa yake, in aka yanke masa ruwa ko aka gurɓata shi sai ya dushe. Na biyu, tsagar da ke fitar da ruwan ita ce dai ke fitar da iska mai kisa, kuma ita ce ke kawo girgizar ƙasa.

3.2 Kafuwar Birnin

Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne sarakunan Pergamon ne suka kafa Hirafolis a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, kuma an fi danganta aikin ga Sarki Eumenes na Biyu, wanda ya yi mulki daga 197 zuwa 159 kafin Miladiyya. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, yankin ya shiga hannun Pergamon ne bayan yarjejeniyar Apameya ta shekarar 188 kafin Miladiyya. Sai dai kuma an sami sunayen ƙabilun birnin a sassaƙe a kan kujerun dandalin wasan kwaikwayo, kuma wasu daga cikinsu an samo su ne daga sunayen gidan sarautar Selukawa, waɗanda suka riƙe ƙasar kafin Pergamon. Wannan ya sa masana da dama suke ganin birnin ya girmi Eumenes. A ganin mai wannan nazari ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi, domin da wuya sarki ya kafa gari ya raɗa wa ƙabilunsa sunayen abokan gabansa. Ko ma wane ne ya aza harsashin, sunan birnin a Girkanci yana nufin birni mai tsarki, kuma mutanen Firijiya sun daɗe suna bautar gunkiyarsu Kibele a wannan ƙasa kafin zuwan Girkawa.

A shekarar 133 kafin Miladiyya Sarki Attalus na Uku ya mutu, ya bar wasiyyar a ba Rumawa ƙasarsa, ta haka Hirafolis ta koma ƙarƙashin Rum. Girgizar ƙasa ta shekarar 60 Miladiyya, zamanin Sarki Nero, ta rusa birnin, saboda haka kusan duk ginin da mai ziyara ke gani a kufan an yi shi ne bayan wannan shekara. Daga ciki akwai babban titi da ƙofa mai baki uku da gwamna Frontinus ya gina da sunan Sarki Domitian (81-96), da manyan gidajen wanka, da dandalin wasan kwaikwayo mai ɗaukar mutum 10,000 ko fiye, wanda aka ƙawata fagensa zamanin Sarki Septimius Severus (193-211). Wani ɗan garin mai suna Antipater shi ne malamin 'ya'yan wannan sarki, kuma a nan aka haifi masanin falsafa Epictetus wajen shekarar 50, ya tashi yana bawa.

3.3 Abin da ya Jawo Baƙi a Zamanin Rumawa

3.3.1 Ƙofar Lahira

Mutumin yau in ya ji labarin ruwan ɗumi, wanka zai fara faɗo masa a rai. Amma marubutan da suka ziyarci Hirafolis a wancan zamani abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne wani kogo da ake kira Pulutoniyon, wato wurin Puluto, gunkin da Girkawa da Rumawa suka ɗauka shi ne sarkin matattu. Sun yi imani bakin kogon ƙofa ce ta shiga lahira.

Strabo, masanin labarin ƙasa da ya rasu wajen shekarar 24 Miladiyya, ya bayyana wurin a littafinsa. Ya ce rami ne da mutum ɗaya zai iya shiga, a gabansa akwai wani fili da aka kewaye, cike da tururi mai duhu har ba a iya ganin ƙasa sosai. Duk dabbar da ta shiga filin nan take take mutuwa. Akan shigar da bijimai su faɗi, a jawo su matattu. Shi da kansa ya jefa 'yan tsuntsaye, suka faɗi ba rai. Amma masu hidimar gunkiya Kibele, waɗanda babanni ne, sukan shiga har bakin ramin su leƙa su fito lafiya. Abin lura a nan shi ne Strabo bai karɓi abin a matsayin mu'ujiza kai tsaye ba, ya ce ya ga alama a fuskokinsu kamar suna riƙe numfashi. Kimanin shekara 200 bayansa, marubucin tarihi Cassius Dio ya zo shi ma ya gwada da tsuntsaye, ya sami abin da Strabo ya samu. Wannan ya nuna cewa gwajin ya zama wani ɓangare na ziyarar, kamar yadda mai ziyara a yau ba ya barin wurin sai ya tsoma ƙafa a ruwa.

Kiristoci sun toshe wurin a ƙarni na 6, ya ɓace a ƙarƙashin ɓaraguzai. Na tsawon shekaru, wani ɗan rami da ke jikin ɗakin bautar Apollo shi ake nuna wa masu yawon buɗe ido a matsayin ƙofar. Sai a shekarar 2013 Francesco D'Andria, shugaban ayarin Italiyawa masu haƙar kufan, ya ba da sanarwar gano ainihin wurin a kudu da ɗakin bautar, tare da rubutun da ke ɗauke da sunan Puluto, da matakalar da 'yan kallo ke zama a bisa filin. An kuma tono gunkin kare mai kai uku da suka ce shi ke gadin lahira. Masu aikin sun riƙa ganin tsuntsayen da ɗumin wurin ya jawo suna faɗuwa matattu.

Binciken da Hardy Pfanz da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya warware sauran tambayar. Sun auna iskar kabon a cikin kogon suka tarar ta kai kashi 91 cikin 100. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta malalo ta kwanta a filin kamar ruwa a tafki. Da dare takan taru, da asuba ta fi yawa, rana in ta yi zafi kuma ta watsa ta. Mafi haɗarinta a kusa da ƙasa yake. Ke nan bijimin da hancinsa ke ƙasa shi zai fara shaƙarta, in jiri ya ɗebe shi ya durƙusa sai ya ƙara nutsewa a ciki, alhali mutumin da ke riƙe da igiyarsa kansa na sama da ita. Ba lalle ne a kira babannin nan mayaudara ba, domin mai yiwuwa su ma sun gaskata numfashin gunki ne. Amma ba shakka sun san lokacin da ake shiga da inda ake tsayawa, kuma wannan sani shi ne jarinsu.

3.3.2 Rini, Fatauci da Maƙabarta

Ruwan bai tsaya ga wanka da bauta ba. Strabo ya ce ruwan Hirafolis ya dace da rinin ulu ƙwarai, har kayan da aka rina da saiwar itace suna gogayya da waɗanda aka rina da shunayya mai tsada da ake samu daga dodon koɗin teku. Wato dai gari ne da ke nesa da teku amma yana sayar da launin da sai masu teku ke da shi. Rubuce-rubucen da aka samu a kan duwatsu sun tabbatar da haka, domin sun ambaci ƙungiyoyin marina da masu wankin ulu da masaƙan darduma. Haka kuma Strabo da Vitruvius, masanin gine-gine na Rum, duk sun faɗi cewa manoman wurin sukan ja ruwan ta cikin lambatu a kewayen gonakinsu, in an jima sai lambatun ya sandare ya zama katanga.

Mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce a maƙabarta suke. Maƙabartar arewa ta miƙe kusan kilomita 2 a gefen hanya, kuma kaburburan birnin sun haura 1,200, wanda ya sa take cikin manyan maƙabartun da suka saura daga wancan zamani a ƙasar Turkiyya. A bakin ƙofar birni akwai kabarin wani falke mai suna Flavius Zeuxis, wanda ya sa aka rubuta cewa sau 72 ya kewaya tsinin Maleya a jirgin ruwa zuwa Italiya. A kan murfin akwatin gawar wani Marcus Aurelius Ammianos, na ƙarni na 3, an sassaƙa hoton injin yanka dutse da ruwa ke juyawa, kuma shi ne hoto mafi tsufa da aka sani na injin da ke mai da juyin ƙafa ya koma kai da komo na zarto.

Masu yi wa baƙi jagora sukan ce girman maƙabartar ya samo asali ne daga majinyatan da suka zo neman magani suka mutu a nan. Ba a musun cewa majinyata sun zo, amma wannan bayani ya yi sauƙi da yawa. Misali, wani Publius Aelius Glykon ya bar dinari 200 ga ƙungiyar marinan shunayya, da dinari 150 ga masaƙan darduma, domin su riƙa ƙawata kabarinsa a ranakun idin Yahudawa biyu da kuma ranar wani bikin Rumawa. Baƙon da ya zo jinya ba zai bar irin wannan wasiyya ba. Wannan ɗan gari ne da ya san ƙungiyoyin, ya kuma amince za su daɗe bayansa. Maƙabartar shaida ce ta arzikin masu sana'a kafin ta zama shaidar cuta. Wasu daga cikin kaburburan da ke bakin gangare yanzu farin dutsen ya haɗiye su har rabi.

3.4 Zamanin Kiristanci da Mutuwar Birnin

An ambaci Hirafolis tare da maƙwabciyarta Lawudikiya a wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa, kuma bishop Papias ya zauna a nan a farkon ƙarni na 2. Bisa ga ruwayar Kiristoci, a nan aka kashe Filibus, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (A.S.), wajen shekarar 80. A farkon ƙarni na 5 aka gina masa wani gini mai kusurwa takwas a kan tudun da ke bayan gari, da ɗakuna a kewaye domin masu ziyara, da doguwar matakala, da gidan wanka a gindinta inda mai ziyara zai tsarkaka kafin ya hau. A 2011 D'Andria ya sanar da gano kabarin da Kiristocin wancan zamani suke girmamawa a matsayin na Filibus, a cikin wata majami'a kusa da ginin. Abin bauta ya sake, amma baƙi ba su daina zuwa ba, kuma wanka bai fita daga cikin ziyarar ba.

Girgizar ƙasa ta ƙarni na 7 ce ta karya birnin. Daga nan ya koma ƙauyuka a cikin kufai. Mayaƙan Sarki Frederick Barbarossa da suka ratsa a 1190 kango suka tarar. Turkawa Saljukawa sun gina 'yar ganuwa a bakin dutsen, zuwa ƙarni na 14 kuma aka watse gaba ɗaya. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Denizli, wadda ya kira Ladhiƙ, a farkon shekarun 1330, ya yaba tufafin audugarta masu adon zinariya, amma bai kawo zancen Hirafolis ba. Saƙa ta ci gaba a kwarin, birnin ne dai ya fita daga bakin mutane.

3.5 Matafiya, Masu Haƙa da Otal-otal

Turawa matafiya ne suka sake fito da sunan wurin. Richard Chandler na Ingila ya zo a 1765, ya kwatanta dutsen da ruwa mai gangarowa da ya daskare. Bajamushe Carl Humann ya yi aikin awo da ɗan tono a 1887, aka buga sakamakon a 1898. Haƙa ta sosai ta fara ne a 1957 ƙarƙashin Paolo Verzone na Italiya, kuma a 1984 aka buɗe gidan adana kayan tarihi a cikin tsohon gidan wankan Rumawa.

A daidai lokacin da masu haƙa ke tono birnin, wasu kuma gini suke yi a kansa. Daga shekarun 1960 aka kakkafa otal-otal a bisa dutsen, a cikin kufan kansa, domin baƙo ya buɗe taga ya ga kwatarniyoyin. Otal-otal ɗin suka karkatar da ruwan maɓuɓɓuga zuwa wuraren iyonsu. Ruwan da ya kwana a wurin iyo ya riga ya zubar da farar ƙasarsa a can, ya kuma kwashi dauɗa, saboda haka in an sake shi bisa gangaren ba ya gina komai sai dai ya ɓata. Aka shimfiɗa titin kwalta ya ratsa tsakiyar farin dutsen daga ƙauyen da ke ƙasa zuwa sama. Mutane suna hawa da takalma, suna wanka da sabulu a cikin kwatarniyoyin, har babura ana hawa da su. Sai dutsen ya fara rinewa, wani wuri toka-toka, wani wuri ruwan ƙasa, wasu kwatarniyoyin kuma suka bushe suka farfashe. Rumawa sun ja wannan ruwa zuwa marina da gidajen wanka da gonaki na ɗaruruwan shekaru, dutsen bai rasa farinsa ba har zuwan Chandler. Cikin shekara 30 kacal na otal-otal aka kusa rasa shi. A ra'ayin mai wannan nazari, ba yawan baƙi kaɗai ya jawo haka ba, an ɗauki dutsen ne a matsayin abin da aka gama ginawa, aka manta cewa ruwan da ake kwashewa shi ne maginin.

A 1988 hukumar UNESCO ta sanya Hirafolis da Pamukkale cikin jerin wuraren gadon duniya a matsayin wuri guda, ta fuskar al'ada da ta halitta baki ɗaya, a 1990 kuma gwamnatin Turkiyya ta ayyana yankin a matsayin wurin da ake ba muhallinsa kariya ta musamman. Daga shekarun 1990 aka shiga rushe otal-otal ɗin, aka rufe titin, aka hana shiga mafi yawan kwatarniyoyin, aka kuma wajabta cire takalmi ga mai taka farin dutsen. Wurin iyon da aka bari shi ne tsohon tafkin da ginshiƙan marmara suka faɗa cikinsa a girgizar ƙasa ta ƙarni na 7. Masu talla suna kiransa tafkin Kiliyobatira, ko da yake babu wata shaida da ta nuna sarauniyar Masar ta taɓa zuwa wurin.

Gyaran bai rage baƙi ba, domin a 2019 sun haura miliyan 2. Sai dai da yawa daga cikinsu sukan koka cewa sun tarar da kwatarniyoyi a bushe, saɓanin hotunan da suka gani. Da gangan ake yin haka. Ana raba ruwan ne ta lambatu, a ba wannan sashe na ɗan lokaci, sa'an nan a yanke a ba wancan, domin in ruwa ya daɗe a wuri ɗaya gansakuka kan fito, in kuwa aka bar wurin ya sha rana sai sabuwar farar ƙasar ta sandare ta yi fari. Kwatarniyoyin da aka yarda baƙi su shiga kuwa ba na asali ba ne. An gina su ne da siminti a kan gurbin tsohon titin kwalta, aka sakar musu ruwa, kuma cikin 'yan shekaru farar ƙasa ta lulluɓe simintin, kamar dai yadda Strabo ya ce manoman Hirafolis suna samun katangun gonakinsu.